Kayan ƙwallon nan sun isa, na gode jama'a

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, kayan nan sun isa hannun masu su. Shekaranjiya da daddare malamin da ke kula da yaran a can ya turo min bidiyo, wallahi na kalla ya fi sau goma, kuma tun lokacin nake ta son in zauna in rubuta muku godiya amma da na fara sai in rasa ta inda zan kama, don mutanen da suka sa hannu a abin nan suna da yawa kuma da dama cikinsu ko fuskarsu ban taɓa gani ba.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, wani abokina ne da ke koyarwa a wani ƙauye a ƙasar waje ya turo min hoton yaran makarantarsu suna buga ƙwallo. Ƙwallon tsumma ce da leda aka ɗaure da igiya, ragar kuma sanda biyu ce aka kafa, kusan dukkansu ƙafa ba takalmi, wani yaro ya sa takalmi ƙafa ɗaya abokinsa ya sa ɗayar. Ni kuma a ranar na buɗe sito a gida na tarar da takalman ƙwallon yarana da suka yi musu kaɗan suna ta shan ƙura, wasu ko kaka ɗaya ba a gama da su ba. Shi ne na yi rubutu na ce duk mai irin wannan ya taimaka. Ban yi zaton zai wuce kwali ɗaya ko biyu ba, sai ga shi falo ya cika har ba wajen taka ƙafa.

Iyaye mata, ku zan fara yi wa godiya, don ku kuka ɗauki abin nan da muhimmanci fiye da kowa. Akwai wata Hajiya da ta kawo jesi da safa duk ta wanke ta goge ta ninke, ta kuma liƙa 'yar takarda a jikin kowace riga da shekarun yaron da za ta yi wa daidai. Na ce Hajiya ai kin wahalar da kanki, ta ce a'a, ɗan wani ne zai sa, yadda ba za ta ba nata ɗan riga da dauɗa ba haka ba za ta aika wa ɗan wata ba. Maganar nan ta zauna min, kuma ita ce ta zama dokarmu a wajen tantance kayan: duk abin da ba za ka iya sa wa ɗanka ba, ba ya shiga kwali.

Kuma gaskiya mun cire da yawa. Waɗanda suka kawo takalmin da ƙasansa ya ɓalle ko ƙwallon da ta fashe, don Allah kada ku ji haushi, niyyarku ta isa kuma Allah ya ba ku lada, amma kuɗin aike da nauyi ake lissafa shi, ba zai yiwu mu biya kuɗi mu tsallakar da shara zuwa garin mutane ba alhali su ma ba su da inda za su zubar.

Matasan ƙungiyarmu, Allah ya yi muku albarka. Asabar uku a jere suka bar tirenin suka zo muka zauna a ƙasa da bokitin ruwa da tsohon buroshin haƙori muna cire busasshiyar laka daga tsakanin haƙoran takalma. Kowane takalmi sai an luma hannu ciki an shafa ko akwai abin da zai soki yaro, a canza igiya in ta tsinke, a shanya ya bushe sarai don in ka rufe shi da danshi zai yi fumfuna a hanya, sannan a ɗaure igiyar hagu da ta dama wuri ɗaya kada su rabu. Lamba ma sai da ta ba mu aiki, wani takalmin lambar Ingila ce a jiki wani ta Turai, wanda aka rubuta 8 shi ne kusan 42 a ɗaya lissafin, sai muka bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalamin maka muka rubuta lamba iri ɗaya a ƙasan kowane don kada malamin ya sha wahala wajen rabo.

Kocinmu kuma, Baba, na gode da ka hana ni yin kuskure. Ni da farko duk takalmi takalmi ne a wajena. Shi ne ya ce in fara tambayar yaya filinsu yake tukuna. Da aka ce busasshiyar ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, nan take ya ware duk masu dogayen haƙoran ƙarfe, ya ce waɗannan na fili mai ciyawa da laushi ne, a ƙasa mai tauri ba sa nutsewa, sai dai su gurɗe wa yaro idon sawu ko ya yanki ɗan uwansa. Masu ƙananan haƙoran roba da yawa su suka fi dacewa. Shi ne kuma ya ce a sace iskar duk ƙwallayen kafin a sa a kwali, a haɗa da famfo da allurai masu yawa, don allura ɗaya in ta karye a ƙauyen da ba shago, ƙwallo goma sun zama kayan kallo. Ya sa muka raba ƙwallayen lamba lamba: lamba 5 ita ce ta manya, nauyinta gram 410 zuwa 450, ta yi wa ɗan shekara takwas nauyi, nasu lamba 4 ce, ƙanana sosai kuma lamba 3. Abin kare ƙwauri ma shi ya nace a kai. Tun 1990 aka wajabta shi, yana cikin abubuwa biyar da doka ta ce dole ɗan wasa ya sa, da riga da gajeren wando da safa da takalmi, kuma ya ce in yaran nan za su shiga gasar makarantu alƙalin wasa na iya hana su shiga fili saboda shi kaɗai. Ilai kuwa, malamin ya ce bara abin da ya hana su zuwa ke nan.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. Kayan sun yi makonni a tsare a wajen kwastan saboda takardar da ke nuna cewa kyauta ce ba na sayarwa ba ba ta cika yadda suke so ba, kullum kuɗin ajiya na ƙaruwa, ni kuma ga amanar mutane a wuyana, wasu suna tambayata ya ake ciki ba ni da amsar da zan ba su. Akwai daren da ban runtsa ba. Wani bawan Allah da ya san harkar ya kira ni da kansa, ya zauna da ni a waya muka sake rubuta jerin kayan kwali kwali, ya nuna mana wasiƙar da makarantar za ta rubuta, bai karɓi ko sisi ba kuma ya ce kada in ambaci sunansa. To Alhaji ban ambata ba, amma Allah ya san ka. Haka waɗanda suka yi karo karo aka biya kuɗin ajiyar, da direban da ya ɗauki kwalayen daga birni ya kai har ƙofar makaranta a kan hanyar da ruwa ya cinye, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Bari in gaya muku abin da na gani a bidiyon. An shimfiɗa tabarma a gindin bishiya an jera takalman, malam yana kiran suna ɗaya ɗaya. Wani ɗan ƙaramin yaro da aka sa masa nasa ya miƙe yana taku a hankali yana kallon ƙafarsa kamar mai tafiya a kan ƙwai, sai can ya ruga da gudu sauran suka bi shi da ihu. Mai tsaron ragarsu ya sa safar hannu ya ƙi cirewa, malam ya ce har aji ya shiga da ita. Jesin da wata ƙungiya ta ba mu saiti guda, da sunayen wasu yaran daban a baya, yanzu suna ta kiran junansu da waɗannan sunayen. Abin da ya fi sa ni hawaye shi ne 'yan matan, ashe su ma suna so tuntuni, a gefe suke tsayawa suna kallo don ƙwallon ɗaya ce kuma maza sun riƙe. Yanzu an ware musu tasu da rigunansu.

Wani ya ce min a lokacin da muke tarawa, wai tsohon takalmi me zai canza. Na tuna masa Sadio Mane, ɗan ƙauyen Bambali a Senegal, wanda da bakinsa ya ba da labarin yadda ya je gwaji Dakar da yagaggen takalmi har aka tambaye shi da wannan zai buga. Shi ne ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2019 da 2022, ya koma ya gina wa ƙauyensu makaranta da asibiti. Ban ce cikin yaran nan akwai Mane ba, kuma ba don haka muka yi ba. Malamin ya ce min ya kafa musu sharaɗi, kayan na makaranta ne, a akwati suke kwana, wanda bai zo aji ba ba zai buga da yamma ba, kuma tun ranar wasu da suka daɗe da daina zuwa sun dawo. Ni wannan ya ishe ni.

Uwargida da yara, na gode da haƙurin da kuka yi da falon da muka mamaye wata da watanni. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe min, Allah ya sa a mizani, ya raya muku zuri'a.

Abu ɗaya da ya gaza shi ne ƙananan lambobi. Manyan takalma sun yi yawa har sun ragu, amma 'yan aji ɗaya zuwa uku da yawansu ba su samu ba, malam ya ce sun tsaya har aka naɗe tabarma suna jira ko za a kira su. Don haka duk mai takalmin yara daga lamba 30 zuwa 36, ko ƙwallo lamba 4, don Allah kada a zubar, a wanke a ajiye min, in Allah ya yarda zan zo in karɓa da kaina.