Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar Bianka Panova

A makon jiya na tsaya a inda na gama shekarar koyon harshe a Sofiya, aka tura ni Varna, bakin Bahar Aswad, in fara karatun likita. Kafin in shiga labarin karatun kansa, dole in ba ku labarin wata yarinya 'yar wasan jimnastik, Bianka Panova, wadda ko gaisawa ban taɓa yi da ita ba, amma har yau in aka ce min Bulgeriya ita nake fara tunawa.

Akwai wata 'yar ajinmu, 'yar garin, da Allah ya haɗa jininmu. Ita ta fara jana gidansu, mahaifiyarta kuwa ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. A gidan akwai autarsu, yarinya siririya da ba ta kai shekara goma sha biyu ba, wadda ba na cika samunta a gida. Kullum in na tambaya sai a ce tana wajen horo. Wasan da take koyo reshe ne na jimnastik wanda mata kaɗai ke yi a manyan gasanni, ana haɗa rausaya da lanƙwasa jiki da sarrafa wani abu a hannu, ana bin kiɗa. Kayan wasan biyar ne: igiya, ƙwallo, ƙananan kulake guda biyu, babban zobe irin na gare-garen yara, sai dogon ƙyalle mai tsawon mita 6 da ake ɗaurawa a bakin 'yar sanda. A zamanin kayan kiɗa ɗaya tak ake yarda da shi, galibi piyano, kuma makin ƙoli shi ne 10.

Ni dai da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ashe a ƙasar ba ƙaramin abu ba ne. Tun Maria Gigova, wadda ta ci kambun duniya a 1969 da 1971 da 1973, suke alfahari da shi. Da Neshka Robeva ta karɓi horar da 'yan wasan ƙasa sai abin ya zama kamar gadonsu: Anelia Ralenkova ta ci a 1981, Diliana Georgieva ta ci a 1983 ta maimaita a 1985. "'Yan matan zinare" ake ce musu. Direban bas ya san sunayensu, mai sayar da burodi ta sani, hotunansu na manne a bangon ɗakin autar nan tun daga sama har ƙasa.

A watan Satumba 1987 aka kawo gasar duniya cikin Varna. Mahaifiyar ƙawata ta samo mana tikiti, ta ce ba za a yi wannan a garinsu baƙuwarta tana ɗaki ba. Na je wajen wani ɗan Kano da ya girme mu, wanda Baba ya damƙa masa amanata ta wasiƙa, na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanwata, kin dai san irin shigar da suke yi." Na ce, "Na sani, Yaya. Tare da uwar ɗakina za ni, tare za mu dawo." Ya ce to, Allah ya kiyaye. Ba zan ɓoye muku ba, shigar ta dame ni, kuma har yau ba zan sa wa 'yata ita ba. Amma abin da na gani a zauren nan ya wuce maganar tufa.

Bianka Panova 'yar Sofiya ce, an haife ta a 1970, shekararta 17 ke nan lokacin. Ba sabuwa ba ce: ta zo ta uku a gasar duniya ta 1985 a Valladolid, a 1986 kuma ta raba kambun Turai da Lilia Ignatova. Da ta fito da ƙyallen nan, sai zauren ya yi tsit, sai ƙarar piyano. Ta cilla sandar sama har na ɗaga kai ina neman inda ta nufa, ita kuwa ko kallonta ba ta yi ba, ta mirgina a ƙasa, ta miƙa hannu ta baya, sandar ta sauka cikin tafinta. Wutsiyar ƙyallen ba ta kwanta ba ko sau ɗaya, ba ta ƙulle ba. Abin da ya fi ba ni mamaki fuskarta ce. Mu da muke karanta jijiya da tsoka mun san irin azabar da baya ke sha in aka lanƙwasa shi haka, amma ita tana murmushi kamar ba a jikinta ake yi ba.

Alƙalai suka ba ta 10. Suka sake ba ta 10. Haka aka yi ta yi har gasar ta ƙare: igiya, zobe, kulake, ƙyalle, ba inda ta samu ƙasa da 10, ta kwashe zinare biyar, na gaba ɗaya da na kowane kayan wasa. Na biyu ma 'yan ƙasar ne, Adriana Dunavska da Elizabeth Koleva. Mahaifiyar ƙawata ta rungume ni tana kuka, ni ma ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba.

A daren muka koma gidansu. Kakar yaran ta gasa banitsa, wani abincinsu na fulawa da cuku, ƙamshi ya cika gidan. Kowa ya ɗiba. Autar ta zauna a gefe ta kwance filastar da ta naɗe yatsun ƙafarta, na ga farce biyu sun yi baƙi, fatar saman yatsun ta yi kanta. Kakar ta miƙa mata ɗan yanki. Ta karɓa, ta kai hanci ta shaƙa, ta mayar cikin faranti, ta ce gobe da safe za a ɗora su a sikeli. Ruwa ma kurɓa ɗaya ta yi. Ba wanda ya ce uffan a ɗakin, ni kaɗai abincin ya tsaya wa a wuya. Daga baya, da na shiga asibiti sosai, na gane abin da nake kallo a ranar: yaran da ake tauye wa abinci a shekarun girma, al'adarsu kan yi jinkiri, ƙashinsu ba ya yin ƙwari yadda ya kamata, ciwon baya kuma ya bi su har girma. Malamar da ke horar da autar ba muguwa ba ce, ita ma haka aka yi mata. Sai dai ni a ganina, ƙasar da ta iya kirga zinare ya kamata ta kirga yaran da aka sa a sikeli ba su kai ko'ina ba, don su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Saura abu ɗaya ya rage wa Bianka, wato Olamfik. Nan ne ciwon 'yan Bulgeriya yake. An fara saka wasan a Olamfik a 1984 a Los Angeles, amma ƙasarsu ta bi sahun Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace, sai Lori Fung ta Kanada ta ɗauki zinaren, su Ignatova da Ralenkova suna gida, lokacinsu ya wuce ba su taɓa taka filin ba. Ga shi a Olamfik na wancan zamanin zinare ɗaya ne kacal a wasan, ba a raba lambar kowane kayan wasa, kuma 'yan wasa biyu kawai kowace ƙasa ke kaiwa. Shekara huɗu kuwa a wannan sana'a rayuwa ce guda.

A ƙarshen Satumba 1988 aka yi gasar a Seoul ta Koriya ta Kudu. Muka taru gaban talabijin a gidan. A zagayen farko, kulki ɗaya ya kuɓuce daga hannun Bianka ya faɗi. Kakar ta dafe ƙirji. Mahaifin, wanda ba ya yawan magana, ya tashi ya fita baranda ya kunna sigari. Autar ta fi kowa sanin lissafin, domin makin zagayen farko yana bin 'yar wasa har zagayen ƙarshe, kuma ta san waɗanda ke gaba ba za su yi sake ba. Haka kuwa aka yi. Marina Lobatch ta Tarayyar Sobiyet ta yi abin da Bianka ta yi a Varna, 10 daga farko har ƙarshe, ta ɗauki zinare. Dunavska ta samu azurfa, Alexandra Timoshenko ta samu tagulla. Bianka ta zo ta huɗu, ta dawo hannu rabbana.

Na ji mutane a bas suna cewa ta ba su kunya, raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinya mai shekara 18 da ta ba da yarintarta duka, shekara ɗaya da ta wuce kuna kiranta zinariya, yau saboda kulkin da ya zame a ƙiftawar ido kun juya mata baya? Ta sake fitowa a 1989 a Sarajevo ta zo ta biyu a bayan Timoshenko, daga nan tauraronta a filin gasa ya fara dusashewa. Ta koma horar da yara a Italiya, daga baya ta zauna a Beljiyam.

Autar gidan su ƙawata kuwa ba ta kai ga tawagar ƙasa ba. Da ta fara zama budurwa jikinta ya buɗe, aka ce wa iyayenta su nema mata wata hanya. Ta yi makonni ba ta son magana da kowa, sai ni da nake zuwa da littafin ilmin sassan jiki ta zauna kusa da ni tana tambayata sunan tsokar da ke mata ciwo. A ƙarshe karatun gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ta yi.

Ana cikin haka ne ranar 10 ga Nuwamba 1989 aka wayi gari an sauke Todor Zhivkov daga mulki, abinci ya fara ɓacewa daga kantuna, mu baƙin ɗalibai kuma zama ya soma yi mana wuya. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.