Hasken da Ke Riga Rediyo Isowa Daga Tauraron Ƙaguwa

A tsakiyar Gajimaren Ƙaguwa, wato ragowar tauraron da masana taurari na ƙasar Sin suka ga fashewarsa a shekarar 1054, akwai wani ɗan ƙaramin tauraro mai tsananin nauyi da ake kira falsa, wanda yake juyawa kusan sau 30 a kowace daƙiƙa, kuma duk juyin da ya yi sai haskensa ya ƙyafto mana, abin da ake kira bugu. An fara jin bugunsa ta igiyar rediyo a 1968, sannan a watan Janairun 1969 masana taurari Cocke da Disney da Taylor suka ga ƙyaftawarsa cikin hasken da ido ke gani, a Arizona ta Amurka.

Abin da ya daɗe yana ɗaukar hankalina shi ne, bugun biyu ba sa isowa tare. Babban bugun haske yana riga na rediyo da kimanin maikirosakan 250, wato rubu'in kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi kuwa hasken eksire yana riga rediyon da kusan 300.

Auna wannan tazara aiki ne ja, domin ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ake kira ilektoron, waɗanda ke warwatse a hanyar da haske kan shafe shekara 6,500 yana ratsawa daga tauraron zuwa gare mu, suna jinkirta igiyar rediyo, alhali kuwa ba su yi wa hasken ido wani abin a zo a gani. A Jodrell Bank ta Ingila, inda ake bibiyar tauraron kullum a kan megahaz 610, wannan jinkiri ya haura rabin daƙiƙa, ya ninka tazarar da ake nema fiye da sau 2,000. Dole ne a cire shi daidai, ga shi kuma yana ɗan sauyawa saboda iskar gas ɗin gajimaren ba ta zaune wuri ɗaya. Shi ya sa, a ganina, mai auna rediyon ya fi cancantar yabo.

Fassarar tazarar kuwa ta rabu biyu. A cikin maikirosakan 250 haske yana tafiyar kilomita 75, saboda haka mai yiwuwa ne wurin da hasken ke fitowa ya fi na rediyo kusa da mu da wannan nisa. Mai yiwuwa kuma daga yanki ɗaya suke, amma alƙiblarsu ta saɓa da kusan digiri 3, sai juyawar tauraron ta fara hasko mu da ɗaya kafin ɗayan.