Sanyin Winnipeg ya ci mini wuƙa mai tsada, ya bar mai araha

Duk mai aikin sito ya san wuƙar aljihu ba ado ba ce. A wurin da nake lodi a Winnipeg ta ƙasar Kanada, daga safe zuwa yamma ana yanka kwali, ana tsinka igiyar roba da ta ɗaure kaya, ana farke ledar da aka naɗe su da ita. Shi ya sa da na karɓi albashin farko na ƙi duk masu araha, na zuba kuɗin da ya fi ladan yini guda a kan wata mai bakin ƙarfe mai tauri da ake kira D2, mariƙinta ƙarfe, a gaɓarta akwai 'yan ƙananan boris da ke sa ta buɗe da ɗan taɓi. Har watan Oktoba ba ni da abin cewa a kanta.

Janairu ne ya tona mata asiri. A garin nan sanyi kan kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, aikinmu kuma shiga da fita ne, yanzu kana cikin sito mai ɗumi, an jima kana bayan tirela. Na zaci sanyin ne kawai abin tsoro, ashe wannan shige da fice ya fi shi ɓarna. Ƙarfe mai sanyi in ya shiga ɗumi sai raɓa ta kwanta masa, ta gangara cikin gaɓa, kana komawa waje ta daskare. Man da ke ciki shi ma ya yi kauri. Wuƙar da take buɗewa da yatsa ɗaya ta koma sai na cire safar hannu na ja ta da hannu biyu, mariƙin ƙarfen yana cizon tafina. Gishirin da ake zubawa a hanya kuwa yana biyo safa ya shiga aljihu, sai ga ɗigon tsatsa a jikinta. Ai D2 tana da sinadarin kuromiyom kusan kashi 12 cikin ɗari, amma kaso mai yawa daga cikinsa kabon ya riƙe, don haka ba cikakken ƙarfe marar tsatsa ba ce, ko da mai shago ya rantse.

Duk wannan da sauƙi. Abin da har yau yake ci mini rai tsininta ne. Wani abokin aiki ya ce in ara masa minti ɗaya, na miƙa ban tambaya ba. Ashe sakatar ƙofar tirela ce ƙanƙara ta kama, ya cusa tsinin ya banƙara. Ƙaras! Ya dawo mini da ita babu kai, wai "ai ban sa ƙarfi ba". Kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Irin wannan ƙarfe ana gasa shi ya yi tauri har wajen 60 a ma'aunin Rockwell, shi ya sa kaifinsa yake daɗewa, amma tauri da gautsi tare suke tafiya, tsananin sanyi kuma yana ƙara wa ƙarfe gautsi. Mai taushi da ya lanƙwashe, in sa a kan dutse in miƙar. Wannan ɓallewa ya yi. Na kwana biyu ina gurza bayanta da magagari don in fitar da sabon tsini, ta fito gundul, ko sha'awar kallonta ba na yi.

Wadda ta fitar da ni hunturun ita ce Opinel mai lamba 8, 'yar Faransa mai mariƙin katako, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. Ba boris, ba sifirin, sai zoben ƙarfe da ake murzawa ya kulle ta, dabarar da suka fito da ita tun 1955, kuma ana iya murza shi da safa a hannu. Katako ba ya cizon hannu. Tana saurin dakushewa, wannan gaskiya ne, kwali yana cin kaifi fiye da yadda mutane ke zato, amma minti biyu a kan dutsen washi ta dawo. Ta tuna mini da wuƙar Okapi da dattawa ke ratayawa a gida, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902. Katako dai yana kumbura in ya sha laima, saboda haka nakan shafe gaɓar da ɗan man kakin zuma kafin sanyi ya kama.

Yanzu wuƙata a aljihun ciki take kwana, kusa da jiki, ba a aljihun babbar riga ba. Mai kuwa ɗigo ɗaya, marar kauri, sauran in goge. Da na tashi aiki nakan buɗe ta in share, in bar ta a buɗe ta bushe. Naman da ya daskare ba na kai mata shi, domin wani ɗan'uwa a nan ya gwada a kan cinyar rago daga firiza, bakin tasa ya cika da giɓi.

Aro kuwa na daina. In mutum ya miƙo hannu sai in tambaye shi me zai yanka. In ya fara kame-kame, akwai tsohuwar sukundireba da na ajiye a aljihun wando musamman saboda irinsu, ita nake ba shi.