Tashar jirgin Ƙaura Namoda

Jiya da la'asar na ratsa ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, sai ƙafata ta ƙi gaba. Ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a inda fasinjoji ke tsayuwa da.

A 1929 layin nan ya iso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga suka jawo shi. Marigayi kakana ya yi dako a wajen, ya ce buhunan gyaɗa kan taru har su tsere wa rufin ɗaki, in jirgi ya yi kuka duk gari ya sani. Da kuɗin dakon ya auri kakarmu.

Na daɗe tsaye ina tuna muryarsa. Allah Ya jiƙanka, Kaka.