Asabar, ni da samurai bakwai

Yau ban fita ko'ina ba, bayan azahar na kwanta da laptop na saka Seven Samurai, fim ɗin Japan ɗin nan na Akira Kurosawa da kawuna ya daɗe yana min tallarsa. Na 1954 ne, baƙi da fari, minti 207, ga shi da subtitil sai ka karanta, ƙanwata ta leƙo ta ce "Yaya wannan ai na zamanin kakanni ne" ta yi gaba abinta.

Labarin ba wani mai sarƙaƙiya bane. Ƙarni na 16, lokacin da Japan ke cikin yaƙe-yaƙen basasa, wani ƙauyen manoma ƴan fashi sun saba zuwa bayan girbi su kwashe komai, sai manoman suka tafi gari neman samurai, wato mayaƙan Japan na da, waɗanda basu da ubangida, su zo su kare ƙauyen, ladan da za su iya biya kuma shinkafa ce kawai, ci ka ƙoshi. Abin da ya tsaya min a rai, su manoman gero suke ci suna dafa wa baƙin shinkafa. Wlh duk wanda ya san abin da ƙauyukan Zamfara da Katsina ke gani ba zai kalli wannan ya ji kamar tatsuniya ba.

Kurosawa baya gaggawa ko kaɗan, kusan awa guda ana tattara mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa in ɗaya ya faɗi sai ka ji a jikinka. Jarumi Takashi Shimura shine ya fito a Kambei, dattijon da ya aske kansa ya yi shigar malamin addini don ya ceci yaron da ɓarawo ya riƙe. Amma Toshiro Mifune ya fi burge ni, shi ya fito a Kikuchiyo, mai ƙaton takobi da hauka-hauka, ka ɗauka ɗan barkwanci ne kawai sai ga shi yana kuka yana zazzage samurai, cewa eh manoma na ɓoye abinci, suna kashe mayaƙan da suka gudo daga yaƙi, to amma wa ya ƙona musu gidaje ya mai da su haka? Ashe shi kansa ɗan manoma ne.

Yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da caɓi, dawakai na zamewa, kyamara da yawa ya yi amfani dasu a lokaci guda, babu kwamfuta babu komai, kuma huɗun da suka mutu cikin bakwai duk bindiga ce ta kashe su, har gwanin takobin nasu Kyuzo, wannan ya bani haushi sosai.

Da daddare na kira kawu, ya ce Amurkawa sun maimaita shi a 1960 da kaboyi, kuma Sholay na 1975 da muka haddace tun muna yara ma ya ɗebi da yawa a nan. Gobe zai turo min Ran, wani fim ɗin Kurosawa na 1985, shi mai kala ne.