Yau dai numfashin ya zagaya, sati bakwai ina fama

Jama'a yau da safe na yi busa ta kusan minti biyu sautin bai yanke ba, ina shaƙar iska ta hanci ina busawa ta baki lokaci guda, Alhamdulillah! Ajiye dijaridun (dogon bututun busa na 'yan asalin Ostareliya) na yi na zauna ina ta murna ni kaɗai.

Kun san inda nake maƙalewa, duk sanda zan ja iska ta hanci sai leɓɓana su daina karkarwa, sautin ya mutu murus. Wasan robar zuƙar lemo a kofin ruwa kam na iya shi tun tuni, kumfa ba ta tsayawa, amma da na sa baki a bututu sai komai ya watse. Ashe cika kumatu nake kamar zan fashe sannan ina jira sai iskar ƙirji ta ƙare kafin in ja wata, lokacin kuma an makara. Wani dattijo mai algaita a garinmu ne ya kalle ni sau ɗaya ya ce yaro ai ba a bari a ji yunwar iska, kaɗan kaɗan ake shaƙa tun da sauranta, harshe ya tura ta baki. Su ma fa haka suke busa ba yankewa. Kwana uku na bi maganarsa abu ya zauna.

Kuma a fayif ɗin ruwa na PVC na yi, da kakin zuma a bakinsa. Wanda na saya ta intanet naira dubu 85 har kuɗin kawowa, hunturu ya tsaga shi, nan na ga ashe gora ce aka fente. Kuɗin sun min ciwo amma zanen ya fi damuna. Ɗige-ɗigen nan salon mutanen hamadar tsakiyar Ostareliya ne, ya bazu daga Papunya tun 1971, shi kuwa abin busar daga can arewa yake, yankin Arnhem Land, inda zanensu na siraran layuka ne masu gicciye juna, kowane dangi da nasa. Mutanen Yolngu na yankin suna kiransa yidaki, bishiyar turare ce da gara ta rarake cikinta suke nema a daji su sare, kuma a bukukuwansu yana tafiya ne da waƙa da rawa da sandunan kiɗa da suke ce wa bilma. Marigayi Djalu Gurruwiwi na dangin Galpu, wanda ya rasu a 2022, ya koyar da baƙi da yawa, amma akwai waƙoƙin da masu su ne kawai ke da ikonsu. Mu da muka san ba kowa ake busa wa kakaki ba bai kamata wannan ya mana wuyar ganewa ba.

Shi ya sa fayif ɗina ba zan zana masa komai ba, ba kuma zan kira shi yidaki ba. Ina tara kuɗi in sayi na gaske daga cibiyar Buku-Larrnggay Mulka ta mutanen Yolngu da ke garin Yirrkala a Arnhem Land, kuɗin su shiga hannun masu abin.

Saura kakin, zafin nan yana sa shi laushi har ya lotse ina cikin busa. Wa ya samo dabara?