Wasan ɗaliban Suwidin da ya kamata Samaru ta duba

A Ingila akan gajarta sunan tabarau a ce spex, amma a Suwidin sunan wani wasan kwaikwayo ne na ɗaliban jami'a, wanda ya faro a Uppsala a tsakiyar ƙarni na 19, ya bazu zuwa Lund da sauran garuruwa, har ya tsallaka Finlan. Wasan barkwanci ne da ake tsarawa cikin baitoci masu amsa-amo, a ɗauko sarakuna da jaruman tarihi waɗanda zamaninsu bai ma haɗu ba, a tara su a dandali ɗaya, sannan a ɗora sababbin baitoci a kan karin waƙoƙin da kowa ya sani. Da fari maza ne ke fitowa har a matsayin mata, domin sai a shekarun 1870 aka fara buɗe wa mata jami'o'in ƙasar.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ikon da 'yan kallo ke da shi. A wurare da dama, idan wata magana ta yi musu daɗi sai su ɗaga murya su ce omstart, wato a sake. Ɗan wasa kuwa ba zai maimaita abin da ya haddace ba. Dole ya ƙago wani baiti nan take, idon jama'a na kansa, kuma yana rufe baki ana iya sake kiransa. A nan ake gane wanda harshe ya zauna masa.

Mu a Zariya wannan ba baƙon abu ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, masu dandalin nan da aka gina da ƙasa a Samaru, suke kai wasa ƙauyuka, manoma suna sa baki a gyara labarin yadda ya dace da damuwarsu. Sai dai aikin ya fi karkata ga wayar da kai. Abin da nake ganin mun rasa shi ne wasan raha na shekara-shekara, rubutacce da Hausa, mai ƙafiya, wanda ɗalibai za su riƙa gadar wa na bayansu, alhali muna da tashe da tarin marubuta waƙa.

Wahalar tana wajen zaɓen taurari. Sarakunan Zazzau suna da jikoki a raye da fada mai daraja, don haka marubuci zai fi samun sakewa idan ya fara da jaruman tatsuniya, irin su Gizo da Ƙoƙi, kafin ya taɓa tarihi.